Harafi Ɗaya Cikin Biliyan Uku: Manyan Sinadaran Jiki da Amosanin Jini

Jawabin da ɗaya daga cikin likitocin ƙungiya ya gabatar a taronmu na Port Richmond, Staten Island, birnin New York.



Mai girma shugaban ƙungiya, dattawanmu, malamanmu, iyayenmu mata, ƙannena matasa, barkanmu da wannan zama. Ina gaida waɗanda suka tsallako a jirgin ruwa daga Bronx da Harlem, da waɗanda suka biyo gadar Bayonne daga New Jersey. Allah Ya ba da ladan zumunci. Gaisuwa kuma ga 'yan uwa na gida da za su karanta wannan jawabi a mujallarmu.

Kwamitin shirya taro ya ce in yi magana a kan abin da aka gina jikin ɗan Adam da shi. Maganar tana da faɗi, saboda haka zan bi da ku ta hanya guda, wadda za ta kai mu ga cutar da kusan kowane dangi a cikinmu ya sani, wato amosanin jini, wadda muke kira sikila. Idan muka gane yadda take farawa, za mu gane me ya sa ake matsa mana da gwaji kafin aure, da kuma abin da za mu iya yi wa yaran da suka riga suka zo da ita.

Fiye da rabin nauyin jikinmu ruwa ne. In aka cire ruwan da ma'adinan ƙashi, kusan duk abin da ya rage sinadarai ne iri huɗu: dangin sitaci da sukari, maiƙo, furotin, da sinadarin gado da ake kira DNA. Masana suna ce musu manyan sinadarai, domin kowane an harhaɗa shi ne daga ƙananan gutsattsari. Uku daga cikinsu kamar carbi suke, 'ya'ya ne aka jera a zare ɗaya bayan ɗaya. Ku riƙe wannan misali, za mu yi ta komawa gare shi.

Mu fara da sitaci. Gero, dawa, shinkafa, masara da rogo duk suna ɗauke da dogon carbi na wani sukari mai suna gulukos. Tun daga baki yawu yake fara tsinka shi, hanji ya ƙarasa, sukarin ya shiga jini ya zama makamashin jiki. Abin da ya yi rara hanta da tsoka su sake jera shi su adana, shi ne jiki ke fara ci da rana lokacin azumi. Karan dawa da audugar rigunanmu ma carbin gulukos ne, sai dai ɗaurin ya bambanta, cikinmu ba ya iya kwance shi. Saniya tana iyawa ne da taimakon ƙananan halittun da ke tumbinta.

Na biyu maiƙo, irin man gyaɗa, manja, man shanu da kitse. Shi ba carbi ba ne, kuma babbar ɗabi'arsa ita ce ba ya shiri da ruwa. Da wannan ɗabi'a ake yi wa kowace ƙwayar halitta ta jiki bangon da ya raba cikinta da wajenta. Shi ne kuma rumbun ajiya, domin giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali sitaci da furotin kalori 4 suke bayarwa.

Na uku furotin, shi ne ma'aikacin jiki. Gashi, farce, jijiya da tsoka furotin ne. Abin da ke narkar da abinci a ciki, da garkuwar da ke kama ƙwayoyin cuta, da insulin mai daidaita sukari, duk furotin ne. 'Ya'yan carbinsa iri 20 ne, ana ce musu amino asid. Jiki yana ƙera 11, sauran 9 dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, wake kuwa yana da shi sosai. Ashe iyayenmu da suka haɗa ƙosai da koko, ko shinkafa da wake, sun san abin da suke yi tun kafin a ba sinadarin suna.

Abin lura game da furotin shi ne, da an gama jera 'ya'yansa sai zaren ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman, kuma siffar ce ke yin aikin, kamar yadda haƙoran mabuɗi ke buɗe kwaɗo. Jerin 'ya'yan ne ke yanke yadda zai naɗe. A sauya ɗa guda a wuri mai muhimmanci, ɗabi'ar furotin ɗin gaba ɗaya tana iya sauyawa.

To wa ke faɗa wa jiki jerin da zai bi? Nan ne sinadari na huɗu ya shigo. DNA littafin umarni ne da aka rubuta da haruffa huɗu kacal, A, T, G da C. Kowane haruffa uku a jere kalma ɗaya ce, wadda ke nuna amino asid ɗin da za a sa. Littafin yana da haruffa kimanin biliyan 3, kuma kowannenmu kwafi biyu yake da shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

Yanzu mu zo ga jini. Abin da ya sa jini ja shi ne wani furotin mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai wa dukkan sassan jiki. Zare huɗu ne a dunƙule, biyu masu 'ya'ya 141, biyu masu 'ya'ya 146. Kowace jar ƙwayar jini tana ɗauke da kusan miliyan 270 na wannan furotin. Lafiyayyar ƙwaya kewayayya ce, mai laushi, tana lanƙwasa ta kutsa cikin hanyar jinin da ta fi ta ƙanƙanta, kuma tana yin kwana 120 tana aiki kafin ɓargo ya maye gurbinta.

A wurin mai sikila, a cikin umarnin da ke gina zare mai 'ya'ya 146, kalmar GAG ta koma GTG. Harafi ɗaya ke nan. Sakamakonsa shi ne a wuri na 6 an sa amino asid mai suna balin a maimakon gulutamik asid. Gulutamik asid yana shiri da ruwa, balin kuwa halin mai gare shi. Da zarar himogulobin ya sauke oksijin ɗinsa, sai wannan tabo mai gudun ruwa ya nemi inda zai ɓuya, ya manne a jikin maƙwabcinsa, shi ma ya manne a na gaba, har su zama dogayen sanduna masu tauri a cikin ƙwayar. Sandunan ne ke tanƙwara ta ta koma kamar lauje.

Daga nan duk sauran wahalhalun suke fitowa. Ƙwaya mai tauri tana maƙalewa a ƙananan hanyoyin jini, naman da ke gaba ya rasa iska, shi ne ciwon ƙashin nan da ke sa babban mutum kuka. Tana mutuwa cikin kwana 10 zuwa 20, ɓargo ya kasa cike gurbi, sai ƙarancin jini da rawayar ido. Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta, tana lalacewa tun ana ƙanana, sai ƙaramin zazzaɓi ya zama babban hatsari. In toshewar ta faru a ƙwaƙwalwa, yaro ɗan shekara biyar yana iya samun shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a ɗauki mataki ba, kusan 1 cikin 10 na masu SS suna gamuwa da wannan kafin su kai shekara 20.

An ɗauki kusan shekara hamsin kafin a gano wannan. A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya wallafa bayanin ƙwayoyin jini masu siffar lauje da aka gani a jinin Walter Clement Noel, ɗalibin likitan haƙori daga tsibirin Grenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin ɗin kansa. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ya gano cewa amino asid ɗaya tak ne ya sauya. Kafin zuwan wannan ilimi, iyayenmu suna ganin gidan da yara ke rasuwa ɗaya bayan ɗaya, a ce wabi ne, ko a zargi iska, ko a zargi kishiya. A gidaje da yawa wannan harafi ne sanadi.

Me ya sa ta yi yawa a cikinmu? Amsar tana wurin sauro. Wanda ya gaji harafin daga ɓangare ɗaya kawai, wato mai AS, yana da lafiyayyen himogulobin isasshe, kuma yana samun kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro tun yana yaro. Anthony Allison ne ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. Kakanninmu masu AS sun fi tsira, suka hayayyafa, harafin ya bazu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kashi 24 cikin 100 na 'yan Najeriya suna ɗauke da shi, kuma ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar a kowace shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya. Ku dubi ɗakin nan, ku ƙirga mu huɗu-huɗu. Kusan ɗaya a kowane huɗu yana ɗauke da shi, kuma babu yadda za a gane a fuska.

Ga lissafin gadon. Idan miji AS ne, mata ma AS ce, kowane ciki yana da fuska huɗu: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS. Ina jaddada kalmar kowane ciki, domin a nan ake yawan ruɗewa. Na sha jin ana cewa ai na fari ya zo da ita, saura uku za su tsira, ko kuma a ce in aka tsaya a 'ya'ya uku ba za a kai ga mai ciwon ba. Cikin yau bai san abin da na jiya ya haifa ba. Akwai ma'auratan da suka haifi biyar ba mai SS ko ɗaya, akwai waɗanda uku a jere suka zo da ita.

Akwai kuma harafin C. A daidai wuri na 6 ɗin nan, wani sauyin yana sa laisin, wanda na ambata a maganar wake, sai a samu himogulobin C. Ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, saboda haka 'yan uwanmu na zango su lura. Mai AS da mai AC suna iya haifar mai SC, wadda ita ma sikila ce, kuma tana yawan taɓa ido da ƙashin ƙugu. Wani abin kuma, gwajin jinotayif daban yake da rukunin jini. Wanda ya ce mini shi O ne bai amsa tambayata ba. Rukunin A, B da O ya danganta ne da ƙananan sukari da ke bayan ƙwayar jini, jinotayif kuwa maganar furotin ɗin da ke cikinta ce.

Yanzu ga abin farin ciki. Jariri a ciki yana amfani da wani himogulobin na daban, wanda ba shi da wancan zare mai matsala, kuma yana hana sandunan haɗuwa. Shi ya sa jariri mai SS yake zuwa lafiya lau, sai wajen wata biyar ko shida, lokacin da jiki ya rage ƙera na jarirai, alamu su fara da kumburin hannu da ƙafa. Watannin nan na farko dama ce. Jihar New York ce ta fara gwada dukkan jarirai don wannan cuta a 1975, zuwa 2006 kuma kowace jiha a Amurka tana yi. Wani bincike da aka wallafa a 1986 ya nuna cewa ba wa ƙananan yara masu SS fenisilin kullum ya rage mummunar cutar da ke shiga jininsu da kashi 84 cikin 100. A yau a ƙasar nan fiye da 9 cikin 10 na waɗannan yara suna kaiwa girma.

Maganin haidiroksiyuriya, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don sikila a 1998, aikinsa shi ne ya sa ɓargo ya koma ƙera himogulobin na jarirai. Yana rage tashin ciwo da yawan ƙarin jini, kuma a nan ana ba da shawarar a fara shi tun daga wata tara. Akwai kuma hoton da ake yi a gefen kai don auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16, wanda ke nuna yaron da ke cikin hatsarin shanyewar jiki tun kafin ta faru.

A wannan fage gida ya koya wa duniya darasi. A Amurka, yaron da hoton ya nuna yana cikin hatsari ana yi masa ƙarin jini duk wata, abin da yawancin iyalai a gida ba za su iya ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, da Asibitin Barau Dikko na Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun gwada haidiroksiyuriya a kan irin waɗannan yara su 220. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ba a ga bambanci ba tsakanin ƙaramin awo da matsakaici wajen kare su daga shanyewar jiki. Ma'ana, ƙwayar magani mai sauƙin kuɗi tana iya tsare ƙwaƙwalwar yaro a inda jini ke da wuyar samu.

Maganin da ke kawar da cutar ma akwai. Dashen ɓargo daga ɗan uwa da ya dace yana warkarwa, kuma an fara yin sa a Najeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. A watan Disamba na 2023 Amurka ta amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, a gyara musu DNA yadda za su ci gaba da ƙera himogulobin na jarirai, a mayar masa. Sai dai farashinsa dala miliyan 2.2 ne, kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an ba da magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, wanda ke iya hana haihuwa. Ku gwada wannan da kuɗin gwajin jini guda ɗaya kafin aure, za ku ga dalilin da ya sa Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.

Bari in ƙara abubuwa uku da suka shafe mu mazauna nan. Na ɗaya, gwajin ciwon sukari da ake kira A1c yana auna yawan gulukos ɗin da ya manne a jikin himogulobin cikin kimanin wata uku. Mai SS ko SC ƙwayoyinsa ba sa daɗewa haka, sai sakamakon ya fito ƙasa da gaskiya, kuma wasu na'urorin suna kuskure ko da a kan mai AS ko AC. Duk wanda ake duba wa sukari ya faɗa wa likitansa jinotayif ɗinsa. Na biyu, mai AS lafiyayye ne, amma matsanancin motsa jiki cikin zafi da ƙishirwa yana iya yi masa illa. Tun 2010 hukumar wasannin jami'o'in Amurka take neman sanin matsayin 'yan wasan babban rukuni. Yaranmu masu ƙwallo da gudu su sani, masu horar da su ma su sani. Na uku, sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwo. Iskar da ke kaɗowa daga Kill Van Kull a watan Janairu, da hunturun gida, duk abu ɗaya suke yi wa mai sikila. A rufe jiki, a yawaita shan ruwa, a tuntuɓi likita kafin a ɗauki azumi. Yaro mai sikila da zafin jikinsa ya kai 38.5, wato 101.3 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, asibiti za a kai shi a lokacin, ko da tsakar dare ne, ba a jira wayewar gari.

To me nake roƙo a wurin ƙungiya?

Da farko, kowane ɗan ƙungiya ya san nasa. Mu da aka haifa a gida yawancinmu ba a gwada mu muna jarirai ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan an gwada su, sakamakon yana hannun likitan yara, amma iyaye da yawa an gaya musu a lokacin hidimar jego sun manta. Ku je ku tambaya, ku rubuta, ku faɗa wa yaron tun kafin ya kai munzalin aure.

Sannan a yi gwaji da wuri. A watan Mayu na 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da jinotayif. Mataki ne mai kyau, amma gwajin da aka yi bayan an kai lefe an sa rana ya zo a makare, domin a lokacin kunya da asarar dukiya sukan rinjayi gaskiya, har a samu mai neman takardar bogi. Tun ran gini, tun ran zane. Aurarrakinmu da yawa ta waya ake ƙulla su tsakanin nan da gida, to tambayar jinotayif ta zo tare da tambayar asali da tarbiyya. A yi gwajin a wuri amintacce, in akwai shakka a maimaita a wani wurin, kuma kada a yi shi cikin wata uku bayan ƙarin jini. In sakamako ya nuna AS da AS, a zaunar da yaron da yarinyar gaban likita su ji lissafin da kunnensu.

Bayan haka, mu ba da jini. Masu sikila suna buƙatar ƙarin jini akai-akai, kuma jinin da ya fi dacewa da nasu galibi daga 'yan asalin Afirka yake fitowa, saboda furotin da ke bayan ƙwayoyin jininmu sun fi kama da juna. A Amurka mutum kimanin 100,000 ne ke da cutar. Ina ba da shawarar mu ware rana, kusa da 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, mu je cibiyar karɓar jini a ƙungiyance. Wanda bai daɗe da dawowa daga gida ba za a ce ya ɗan jira saboda zazzaɓin sauro.

Kuma a cikin kuɗin da muke aikawa gida, mu ware wani kaso don haidiroksiyuriya, da fenisilin, da kuɗin motar kai yara asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma abin da ɗayanmu ke kashewa a kofi cikin mako zai yi nisa wajen maganin yaro guda a gida.

Na ƙarshe, mu gyara harshenmu. A daina ce wa mai sikila ba zai yi tsawon rai ba, a daina hana shi karatu, a daina ɗora wa uwa laifi ita kaɗai, alhali harafi ɗaya daga uba ya fito. Mai SS da ya auri mai AA ba za su haifi mai SS ba. A cikinsu akwai malamai, da 'yan kasuwa, da likitoci, da iyaye masu jikoki. In ya ce yana jin ciwo, a yarda da shi, a raka shi asibiti, a tsaya masa har a ba shi maganin da ya dace.

Bayan an tashi zan zauna a bayan ɗaki, duk mai takardar gwaji da yake son a karanta masa ya zo, magana tsakanina da shi ce. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.